Kujera ake biya, ko tarihin wanda ya hau ta?

Ɗan yayata ya zo gidana bayan sallar isha'i da takarda a aljihun rigarsa. Shekara bakwai ke nan yana aiki a wani kamfani mai rarraba kayan masarufi a Kano. Da rubuta rasit ya fara, a hankali har ya zama shi ake nema duk ranar da lissafin sito ya ƙi fita. Takardar ta ƙarin girma ce, an ba shi shugabancin reshen kamfanin na Gusau. Na miƙa masa hannu ina yi masa barka, sai na ji hannunsa a sanyaye.

"Kawu, ku duba shafi na biyu tukuna," in ji shi.

Na duba. Zai kama aiki a Gusau cikin mako biyu. Wata shida na farko na gwaji ne, a kan tsohon albashinsa. In ya ci gwajin za a ƙara masa kashi 15 cikin 100, domin ƙa'idar kamfani ba ta yarda a wuce haka ga wanda aka ɗaga daga cikin gida. Kuɗin ƙarin awoyi da yake samu duk daren da aka sauke kaya ya faɗi, tunda yanzu ya shiga sahun manyan ma'aikata. Sauran maganar ba ta cikin takarda, da baki ya faɗa mini. Bara an ɗauko wani mutum daga wani kamfani aka ba shi reshen da bai kai na Gusau ciniki ba, kuma albashin mutumin ya yi wa wanda ake yi masa alkawari nisa ƙwarai. Shi da kansa ya koya wa mutumin yadda ake rufe lissafin wata.

"In tafi ne, Kawu, ko in ƙi?"

Ban ba shi amsa a daren ba. Zuciyata ta riga ta yanke hukunci, amma na san hukuncin kawu ne, wanda ya ga yaron tun yana rarrafe. Washegari na tafi wajen wani dattijo a unguwarmu, wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a ofishin kula da ma'aikata na ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri a Kaduna, har ranar da aka sa wa ƙofar kwaɗo. Irin wannan takarda ya rubuta ta da hannunsa ba adadi. Na so in ji ta bakin mai rubutawa.

Ya karanta shafukan biyu a tsanake, ya cire tabarau ya ajiye a kan tabarma.

"Malam, akwai tsanani a nan, ban ƙi ba. Amma tsanani daban, zalunci daban."

"To, Alhaji, ku fahimtar da ni," na ce.

Abin da ya fara da shi bai taɓa zuwa raina ba. Ya ce waɗannan ƙa'idoji da ma'aikata ke kuka da su, tun asali ba don a ɗaure ma'aikaci aka yi su ba, hannun oga aka so a ɗaure. Wurin da babu rubutacciyar ƙa'ida, ƙarin girma na ɗan ɗaki ne: wanda ya iya gaisuwa, wanda suka fito gari ɗaya da manaja, wanda ƙanwarsa ke gidan babban akawu. Da aka ce sai mutum ya shekara biyu a kujera kafin ya nemi wata, aka kuma yanka wa ƙarin albashi iyaka, sai manaja ya rasa hanyar ɗaukar ɗan lelensa daga ƙasa ya ɗora shi a sama cikin wata uku. Ya ce in aka cire iyakar gobe, ba ɗan yayata ne zai fara cin moriyarta ba, wanda ke da uwa a gindin murhu ne.

Sai ya zo kan gwajin wata shida. Ya ba ni labarin wani makaniken injin saƙa da babu kamarsa a masana'antarsu. Aka ba shi fomanci don a saka masa. Cikin shekara guda sashen ya rikice, domin mutumin ya san ciwon inji daga jin ƙararsa amma bai san yadda ake raba wa mutum ashirin aiki ba tare da an yi faɗa ba. Suka yi asarar gwanin makanike, ba su sami foman ba. Wannan abu ne da masu nazarin harkar aiki suka daɗe da lura da shi. Tun a 1969 wani malami ɗan ƙasar Kanada, Laurence Peter, ya fitar da littafi a kansa, inda ya nuna cewa idan ana ɗaga mutum bisa ƙwazonsa a aikin da yake yi, za a yi ta ɗaga shi har ya isa kujerar da ta fi ƙarfinsa, a nan kuma zai tsaya. Dattijon bai san littafin ba, amma ya ga abin da idonsa. Ya ce gwaji kariya ce ga kowa, har da shi wanda aka ɗaga, domin komawa tsohuwar kujera bayan wata shida ya fi a kore ka bayan shekara.

Da muka zo kan kuɗi muryarsa ta canja. Ya ce albashi hawa yake yi, ba ya sauka. Ranar da ka rubuta wa mutum adadi, ka ɗauki nauyinsa har ya bar aiki, kuma ba shi kaɗai ba, domin dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba aƙalla kashi 10 cikin 100 a asusun ma'aikaci, shi ma'aikacin ya zuba kashi 8. Ga sa'o'insa da za su ji labari su zo su yi layi a ƙofar ofis. Ya tuna mini halin da kamfanoni suka shiga tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya: kuɗin dizal, kuɗin kayan da ake shigowa da su, mai saye kuma aljihunsa ya bushe. A cikin shekarar ce GlaxoSmithKline ya ba da sanarwar naɗe tabarmarsa, Procter & Gamble kuma ya ce zai daina sarrafa kaya a Najeriya.

"Ni na tsaya a bakin ƙofa ranar da aka sallami mutane," ya ce. "Na ga magidanta suna kuka. Duk wanda ya ga wannan ba ya raina kamfanin da ke taka-tsantsan da kuɗinsa."

Game da baƙon da aka biya da tsoka, bai ga abin mamaki ba. Mutumin yana zaune da aikinsa aka je aka zawarce shi. Ya bar shekarun da ya tara, ya bar wurin da aka san shi, ya zo inda in ruwa ya ƙare wa ɗan kada shi za a fara sallama. Dole a biya shi kuɗin wannan kasada. Kuma sau da yawa ba hannu rabbana yake zuwa ba, yana tahowa da dilolin da suka saba da shi.

Na fito daga zauren da nauyi a zuciya, domin babu ƙarya a cikin abin da ya faɗa. Har yau na yarda da shi a kan wa'adin zama a kujera, musamman in shekara guda ce. Wanda bai ga zagayowar shekara a aiki ba, bai ga cinikin azumi da na damina da rufe lissafin Disamba ba, bai san aikin ba tukuna. Na yarda da shi a kan gwaji. Amma da na zauna na ɗauki biro, sai na ga inda maganarsa ta tsaya ba ta ƙarasa ba.

Mu ɗauki misali, adadin nawa ne don a ga yadda abin ke tafiya. A ce kamfani ya san in zai ɗauko shugaban reshe daga waje sai ya biya naira 400,000 a wata. Na gida yana kan 220,000. An ƙara masa kashi 15, ya koma 253,000. Kujera ɗaya, makullan sito iri ɗaya, in kaya ya ɓace tuhuma iri ɗaya, amma tsakaninsu akwai 147,000 duk wata, wato sama da naira miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai a shekara. Kuma giɓin ba ya tsayawa a nan. Duk wani ƙari na gaba a kan ƙaramin adadin za a lissafa shi, abin da ke shiga asusun fansho ma haka. Ranar da ya nemi aiki a wani wuri, tambayar farko ita ce nawa kake karɓa yanzu. Ƙaramin albashin da ya karɓa yana saurayi, lokacin da bai da bakin ciniki, shi ne zai bi shi har furfura.

A nan na rabu da dattijon. Iyakar kashi 15 ba ta auna aikin da za a yi, abin da mutum ya saba karɓa take aunawa. Manufarta ta hana son kai, na ji, amma akwai wata hanyar da ta fi ta tsare wannan manufa: a yi wa kowace kujera farashi, mafi ƙaranci da mafi yawa, a rubuta, kowa ya gani. Duk wanda ya hau ta, na gida ko baƙo, ba zai karɓi ƙasa da gindin farashin ba. Baƙo mai ƙwarewa yana iya farawa daga tsakiya, wannan ba laifi. Da haka hannun oga ya ɗauru, shi kuma na gida ba a mayar da daɗewarsa abin da za a rage masa kuɗi da shi ba.

Wani malami a makarantar kasuwanci ta Wharton a Amurka, Matthew Bidwell, ya bi bayanan ma'aikatan wani babban kamfanin hada-hadar kuɗi na shekaru, ya wallafa sakamakon a 2011. Ya tarar waɗanda aka ɗauko daga waje ana biyansu kusan kashi 18 cikin 100 sama da waɗanda aka ɗaga daga ciki zuwa irin wannan aiki, amma a shekara biyun farko makin aikinsu bai kai na 'yan gida ba, kuma sun fi saurin barin aikin. Bincike ne na kamfani ɗaya a wata ƙasa, ba zan ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba. Amma dalilin da ke ƙarƙashinsa duk wanda ya yi aiki ya san shi. Na gida ya san direban da ke karkatar da kaya, ya san dilan da in ya ce gobe to gobe ce, ya san wanda in ya ce gobe sai bayan sallah. Wannan sani ba ya cikin takardar shaida, kuma kamfani yana amfana da shi kullum ba tare da ya biya ba.

Akwai wani abu da nake ganin ya fi lissafi muhimmanci, kuma mu a ƙasar Hausa mun fi kowa saninsa. Yaron shago a Kantin Kwari ko a Sabon Gari yana iya shekara goma a ƙarƙashin ubangidansa, abin da ake ba shi bai taka kara ya karya ba. Yana haƙuri, iyayensa ma suna ba shi haƙuri, saboda kowa ya san inda tafiyar ta nufa. Wata rana ubangida zai yi masa aure, ya ba shi jari, ya haɗa shi da masu ba da kaya, ya sallame shi ya tsaya da ƙafarsa. Ubangidan da ya ci ƙuruciyar yaro ya ƙi sallamarsa, kasuwa gaba ɗaya ta san shi, kuma ba a ba shi 'ya'ya kuma. Ƙarancin ladan yau bashi ne da za a biya gobe. Matasanmu da wannan tarbiyya suke shiga kamfani. Ana ce musu ku yi haƙuri, ku nuna biyayya, lokacinku zai zo, kuma suna yi. To ƙarin girma shi ne ranar sallamarsu. Idan ranar ta zo aka miƙa musu suna da makulli da kashi 15, an karɓi haƙurin da tsarin gargajiya ya koya musu, an kuma janye alkawarin da ke sa haƙurin ya zama adalci. Zafin da na gani a fuskar ɗan yayata na wannan ne, ya fi na kuɗin.

Malamanmu na fiƙihu ma sun yi magana a babin ijara. Sharaɗi ne aikin ya zama sananne, ladan ma sananne. Inda aka yi aiki ba a ambaci lada ba, ko yarjejeniya ta ɓaci, abin da suke komawa gare shi shi ne ladan da ake biyan irinsa a kan irin wannan aiki a wannan wuri. Ba su ce a duba abin da ya karɓa jiya ba. Ba ina cewa ƙa'idar kamfani ta haramta ba, domin an rubuta adadi kuma ma'aikaci ya sa hannu, wannan hukunci na malamai ne. Ina nuna ma'aunin da suka zaɓa ne kawai, aikin suka auna.

Wata shidan gwaji a kan tsohon albashi shi ne wurin da ban sami uzurin da zan ba kamfani ba. Gwada mutum daban, hana shi ladan aikin da yake yi daban. Tun ranar farko shi za a kira in motar kaya ta lalace a Tsafe, shi zai amsa tambaya in kuɗi ya yi ƙasa. Ko a aikin gwamnati akwai alawus na riƙon ƙwarya ga wanda aka naɗa ya riƙe kujerar da ta fi tasa. Ana iya biyan bambancin a matsayin alawus, in bai ci gwajin ba alawus ɗin ya tsaya, tsoron da dattijon ke yi na albashin da ba ya sauka ya kau. Abin da ya fi wannan muni shi ne riƙon ƙwaryar da ba shi da ranar ƙarewa, mutum ya shekara biyu yana aikin manaja da albashin mataimaki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Doka fa? Abin da ya kamata kowane ma'aikaci ya sani shi ne ƙarin girma kan fitar da shi daga inuwar da yake ciki. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta wajabta a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da farawa, in an canja wani abu kuma a sanar da shi a rubuce cikin wata guda. Amma wanda dokar ke kira ma'aikaci shi ne mai aikin ƙarfi da mai aikin akawu. Ta cire masu aikin gudanarwa da na zartarwa da na ƙwararru. Wato ranar da ɗan yayata ya zama shugaban reshe, abin da ya rage masa shi ne takardar da ya sa wa hannu da littafin ƙa'idojin kamfani. Haka nan yakan bar ƙungiyar ƙananan ma'aikata da ke yi masa cinikin albashi a dunƙule. Kotunan ƙasar nan kuma sun daɗe a kan cewa ƙarin girma alfarma ce, ba haƙƙin da ake ƙwata ba. Sai dai tun gyaran tsarin mulki na uku, na 2010, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta sami ikon duba rashin adalci a wurin aiki da auna shi da abin da duniya ta yarda da shi, kuma ta karɓi hujjar cewa wanda aka ƙuntata wa har ya ajiye aiki da kansa, korarsa aka yi. Ƙofa ce, amma shari'a tana cin shekaru da kuɗi, kuma wanda ya kai kamfaninsa ƙara ya san ba zai sake zama a ofishin ba.

Wasu za su ce a yi koyi da gwamnati. Tun bayan hukumar Jerome Udoji, wadda gwamnatin Gowon ta kafa a 1972 ta kuma miƙa rahotonta a 1974, aikin gwamnati yana kan matakai 17, kowane mataki da jadawalin albashinsa a fili. Wa'adin ƙarin girma ma sananne ne a tarayya: shekara 2 ga na mataki na 6 zuwa ƙasa, shekara 3 daga na 7 zuwa na 14, shekara 4 daga na 15 zuwa sama. Masinja ya san abin da darakta ke karɓa. Wannan shi ne farashin kujera da nake kira a yi. Amma duk wanda ke da malamin firamare ko ma'aikacin jinya a gidansu ya san ɗaya fuskar: takardar ƙarin girma ta fito, kuɗin bai biyo ta ba, a yi shekaru ana jiran ariyas. A ƙasar da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024, kuɗin da aka biya ka bayan shekara uku ba shi ne kuɗin da ka yi wa aiki ba. Jadawali a fili yana maganin son kai, ba ya maganin rashin cika alkawari. Kuma wa'adin da ba ya duba ƙwazo yana tafiya da mai himma da malalaci kafaɗa da kafaɗa.

Saura maganar canjin wurin aiki, kuma a nan ra'ayina ya fi karkata ga kamfani fiye da yadda ɗan yayata ya so. Mai reshe a Gusau dole wani ya je Gusau. Kusan kowace takardar ɗaukar aiki tana ɗauke da sharaɗin cewa za a iya tura ka duk inda kamfani yake da ofis, kuma mun sa hannu muna murna. Bankuna suna juya ma'aikatansu da gangan, domin wanda ya daɗe a reshe ɗaya ya saba da kowa, sabo kuma shi ne ƙofar da yawancin almundahana ke shigowa ta ciki. Ga shi kuma ba a zama babba a ofis ɗaya. Wanda bai taɓa barin Kano ba, ranar da za a zaɓi mai kula da shiyya gaba ɗaya ba za a tuna da shi ba.

Amma ikon turawa ba ya ɗauke nauyin abin da turawar ta jawo. A garuruwanmu haya ta shekara ake biya gaba ɗaya. Wanda aka ɗaga a wata na huɗu ya bar kuɗin wata takwas a hannun mai gida, ya je ya nemo wata shekarar a sabon gari. Yara suna tsakiyar zangon karatu. Matar tana koyarwa ko tana da sana'arta da masu sayenta. Akwai tsohuwa a gida da shi ke kai ta asibiti. Hanyar da zai riƙa bi, daga Funtuwa zuwa Gusau, kowa ya san labarinta a 'yan shekarun nan. Mako biyu ba ya isa a warware wannan duka. Gwamnati ta san da haka, shi ya sa take da alawus na kwana 28 na farko ga wanda aka canja wa gari, hukumar masu yi wa ƙasa hidima ma tana barin matar aure ta koma jihar da mijinta yake. Lokacin da Babban Bankin Najeriya ya mayar da wasu sassansa daga Abuja zuwa Legas a farkon 2024, hayaniyar da aka yi ta siyasa ce, ta Arewa da Kudu. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne gidajen da aka kwana ana lissafin makarantar yara da kuɗin haya, waɗanda ba a ji muryarsu ba.

Akwai kuma taransifar da kowa a ofis ya san ta horo ce. Mutum ya yi gardama da oga, ko ya ƙi sa hannu a takardar da bai yarda da ita ba, ko mace ta ƙi abin da aka nema a wajenta, sai ga takarda an jefa shi inda ake sa ran zai gaji ya ajiye aiki. Ƙa'idar da ta ce kamfani yana iya tura kowa ko'ina, ba tare da faɗin dalili ko wurin kai kuka ba, ita ce take ba da wannan wuƙa.

Sharaɗin da na fi ƙi duka ba ya cikin takardar ɗan yayata, amma ya taɓa cin sa shekara uku da suka wuce. An buɗe gurbi a sashen sayen kaya, ya so ya nema, ƙa'ida ta ce sai da sa hannun shugabansa. Shugaban ya ƙi, ba don ƙiyayya ba, don ba shi da wanda zai rufe masa lissafi. Masu kare wannan sharaɗi suna cewa ba daidai ba ne sashe ya wayi gari an zare masa ginshiƙi, kuma gaskiya ne. Amma maganin wannan wa'adin miƙa aiki ne, wata ɗaya ko biyu. In aka ba shugaba ikon hanawa gaba ɗaya, wanda ya fi iya aiki shi ya fi ɗauruwa, wanda ake neman kai da shi kuma a sa masa hannu da sauri. Har ta kai neman aiki a kamfanin da ke hamayya da naka ya fi sauƙi a kan neman komawa ofishin da ke kallon naka, domin can ba a tambayar izinin kowa.

Da ɗan yayata ya dawo, na ce masa ya tafi. Na ce masa kujerar za ta koya masa abin da sito ba zai koya masa ba, kuma sunan shugaban reshe nasa ne ko ina ya je da shi. Amma kada ya tafi da baki a rufe. Muka zauna muka rubuta takarda cikin ladabi, ba zargi, ba ambaton albashin kowa. Ya nemi a biya shi bambancin kujerar a matsayin alawus tun daga ranar farko, a rubuta masa ranar da gwajin zai ƙare da abin da za a auna shi da shi, a ɗauki nauyin ƙaura da hayar farko, a kuma faɗa masa mafi ƙarancin abin da kamfani ya yanka wa wannan kujera. Na kai wa dattijon ya duba. Ya gyara kalma biyu, ya ce a zamaninsa da irin wannan takarda ta zo teburinsa da ya kai ta sama da kansa.

Amsa ta zo bayan kwana goma. Sun yarda da kuɗin ƙaura da hayar shekara guda, sun rubuta ranar ƙarewar gwajin, sun ƙara masa mako biyu na shiri. Maganar alawus sun ce ƙa'ida ba ta tanade shi ba. Tambayar farashin kujera ba su taɓa ta ba.

Matarsa da yaran suna nan Kano har a yi hutun ƙarshen shekarar karatu. Yana zuwa duk bayan mako biyu, ya taso da sassafe don kada yamma ta same shi a hanya, yayata kuma ba ta ajiye carbi sai ya kira ya ce ya wuce Funtuwa. Yanzu yana cikin wata na huɗu. Lissafin reshen ya fita daidai sau uku a jere, albashin da ke shiga asusunsa kuma har yanzu na tsohuwar kujerarsa ne.